Kunnen Dattijo da Kasuwar Waƙa: Nazarin Koken Tsofaffin Masu Sauraro a Kan Waƙoƙin Zamani

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani koke da ya zama ruwan dare a bakin dattawan da suka tashi da sauraron makaɗan baka na Hausa, wato cewa waƙa ta mutu tun ranar da fiyano ta shigo. An auna koken da yadda sana'ar waƙa take gudana jiya da yau ta fuskar sauti da harshe da kuɗi. An lura cewa hujjar dattijo ta fi ƙarfi a batun sauti, inda ba ya iya dogon bayani, ta kuma fi rauni a batun kuɗi, inda ya fi ɗaga murya.

1.0 Gabatarwa

Dattijon da ake magana a kansa a nan ba mutum ɗaya ba ne. Shi ne duk wanda aka haifa dab da samun mulkin kai ko jim kaɗan bayansa, ya buɗe kunne da Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, ya ji faifan garmaho a gidan wani mai hali, sannan ya tara kaset-kaset a akwati lokacin da ya fara ɗaukar albashi. A wurinsa waƙa ita ce kalangun Mamman Shata, da kotson Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, da ƙwaryar Barmani Coge idan mata sun taru. In ya shiga motar haya yau direba ya kunna waƙar Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef, sai ya kau da kai ya ce wannan hayaniya ce, muryoyin duk iri ɗaya, Hausar babu gishiri, masu yi kuma kuɗi kawai suke nema.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata manazarci ya ɗauki wannan magana a matsayin ƙorafin tsufa kawai ba. Da yawa daga cikin masu koyar da waƙar baka a jami'o'inmu tsaran wannan dattijo ne, kunnensu ɗaya da nasa, kuma mai wannan rubutu bai fita daga cikinsu ba. Abin da dattijo ke faɗa a tasha, shi ne sau da yawa yake yanke wace waƙa za a yarda ɗalibi ya rubuta kundi a kanta.

2.0 Abin da Ya Faru da Sauti

Shata ya rasu a 1999. A wannan shekara ce kuma fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, wanda waƙarsa ta nuna wa masu shirya fina-finai cewa waƙa da rawa su ne ke sayar da kaset. Haɗuwar shekarar katari ce, amma ta dace da zama iyaka. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya a 1990, kuma kafin ƙarshen wannan goma ɗin fiyanon Yamaha ta samu gindin zama a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano. Daga nan aka samu nau'in da ake kira nanaye, wanda Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa: namiji da mace suna musayar baiti a kan kiɗan da na'ura ta tsara, bisa tafarkin fina-finan Indiya.

Mene ne ainihin abin da kunnen dattijo ya rasa? Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi yana matse tsarkiyarta a ƙarƙashin hammata ko ya sassauta, sai sautin ya hau ko ya sauka, ya bi karin harshe har mai sauraro ya gane taken da ake kaɗawa ba tare da an furta kalma ba. Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali ke bambanta ma'ana a cikinsa. Kukan yaro da kukar miya ba su rabu da komai ba face karin gaɓar ƙarshe. Makaɗin da ya tashi da irin wannan ganga yana gina raujinsa ne daga cikin maganar, kiɗa na biye da baki. A situdiyo an juya tsarin. Mai fiyano ko mai kwamfuta ne ke fara shimfiɗa kiɗa a kan ma'aunin sautin Turai, da bugu mai maimaita kansa ba ƙari ba ragi, sannan mawaƙi ya zo ya zuba kalmomi a cikin ramin da aka haƙa masa. Inda kalma ta ƙi shiga, sai a ja gajeren wasali ko a danne dogo.

Sai dai a yi hattara, domin ko a waƙoƙin dauri rauji ba ya bin karin harshe sau da ƙafa. Binciken masana irin su Russell Schuh ya nuna cewa nauyin gaɓa, wato doguwa da gajera, shi ne ginshiƙin karin waƙar Hausa. To a nan ɗin ma waƙar situdiyo ta fi yawan tuntuɓe, kuma dattijo yana jin tuntuɓen ko da bai san sunansa ba.

Batun muryoyi iri ɗaya kuwa yana da bayani na fasaha. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a Amurka a 1997, tana jan murya zuwa ga sautin da ya fi kusa a ma'auni. An ƙirƙire ta don gyaran ɗan kuskure, amma idan aka tsananta ta sai ta goge kaushi da karkarwa da duk wata alamar da ke sa a gane mutum daga buɗe bakinsa. Muryar Ɗan'anace da ta Haruna Uji ba sa ruɗuwa a kunnen kowa. Da an bi da su ta wannan manhaja, da an rage tazarar da ke tsakaninsu ƙwarai.

Babbar asarar, a ganina, tana wajen sadarwa. Makaɗin baka yana ƙulla waƙarsa a gaban jama'a. Gindin waƙa na nan daram a bakin 'yan amshi, shi kuwa jagora yana saƙa ɗiya gwargwadon wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kari, da wanda ya yi rowa. Shi ya sa waƙa ɗaya ta Shata take da rerawa da dama, kowace da ɗiyan da babu su a 'yar'uwarta. Waƙar situdiyo sau ɗaya ake haihuwarta. A wajen biki ma, abin da aka fi gani shi ne a kunna sautin da aka ɗauka mawaƙi ya riƙa bin sa da baki. Amshi ya zama murya ɗaya da aka ninka a kwamfuta, sanƙira kuma babu wurinsa.

3.0 Harshe, da Abin da Dattijo Ya Manta

Zargin cewa Hausar waƙoƙin yau ba ta da zurfi yana da ƙamshin gaskiya idan aka tsaya a kan waƙoƙin soyayya na fim, inda 'yan kalmomi ƙalilan, zuciya da ruhi da hawaye da numfashi, suke ta zagayawa. Amma kwatancen da ake yi ba na adalci ba ne. Ana ɗauko Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa, wadda ita ce ƙololuwar abin da makaɗan fada suka bari, a aza ta kusa da waƙar da wani yaro ya yi jiya da dare. Zamanin Narambaɗa ma yana da makaɗansa na banza. Ba a ɗauke su a faifai ba ne, ko an ɗauka an daina sawa, sai rairayi ya bar mana tsaba. Wanda ya saurari Aminu Ladan Abubakar (Alan Waƙa) da kunnen nazari zai tarar da tsarin baiti da amsa-amo irin na rubutacciyar waƙa, da Hausa mai nauyi, duk a kan fiyanon da ake zagi.

Dattijo ya kuma manta cewa shi ma an yi masa irin wannan faɗa. Kiɗan goge da na kukuma da ya yi rawarsu yana saurayi, iyayensa kiɗan 'yan iska suka ɗauke su. Shata kansa ya sha suka daga malamai saboda wuraren da yake wasa da wasu jigoginsa, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Indiyancin da ake ƙorafi a kai kuwa, tsaran dattijo ne suka cika silimun Kano da Kaduna da Jos suna kallon fina-finan Indiya tun kafin a haifi mawaƙan yau, har Abdu Yaron Goge ya juya wasu raujojin Indiya zuwa Hausa a wancan lokaci.

4.0 Wa Ke Biyan Mawaƙi?

A nan ne koken ya fi zafi, a nan ne kuma ya fi buƙatar gyara. Makaɗan dauri ba don Allah suke waƙa ba. Tun a 1957 M. G. Smith ya bayyana roƙo a matsayin sana'a mai ƙa'idojinta a cikin tsarin zaman Hausawa. Makaɗin fada yana da ubangida: Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi ne. Ubangida ke ba da gida da gona da doki da riga, makaɗi kuma ya biya da yabo, ya yi wa abokan hamayyar ubangidansa zambo. Shata, da bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba, ya rayu ne da kyautar sarakuna da attajirai da direbobi da ma'aikata.

Abin da ya sauya shi ne tsawon igiyar da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Alaƙar makaɗin fada da ubangidansa ta rayuwa ce, wani lokaci har ta gado. Makaɗin da zai shekara talatin yana yi wa mutum ɗaya waƙa dole ya san asalinsa da kakanninsa da garuruwan ƙasarsa, dole kuma ya nemo sabuwar hanyar faɗin tsohon yabo, in ba haka ba fada ta gaji da shi. Zurfin da dattijo ke yabawa daga wannan tilas ya fito.

Mawaƙin zamani bai samu wannan ba. A shekarun kaset da faifan sidi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke riƙe da wuyan sana'ar, mawaƙi kuwa sau da yawa sayar da waƙarsa yake ga mai shirya fim a biya shi sau ɗaya, a ɗora ta a bakin jarumi, jama'a ma ba su san fuskarsa ba. Da wayar hannu ta yaɗu sai masu tura waƙoƙi a katin waya suka rushe wannan kasuwa: a cika maka kati da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, wanda ya yi waƙar bai ga ko sisi ba. YouTube da Audiomack da makamantansu sun buɗe wata ƙofa, amma kuɗin talla yana bin ƙasar da mai kallo yake, kuma kallon da aka yi daga Nijeriya ko Nijar ba ya kawo abin da na Turai ke kawowa. TikTok kuwa daƙiƙoƙi kaɗan yake buƙata daga waƙa. Yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu a 2020, lokacin kullen korona, ta hanyar gajerun bidiyon mata suna rawa, ya koya wa kowane mawaƙi inda zai zuba ƙarfinsa: a gindin waƙa mai kama kunne nan take. Ɗiya sun zama cikon lokaci.

Saura hanyoyi biyu masu kawo kuɗi na gaske, biki da siyasa, kuma dukansu roƙo ne a sabuwar riga. Waƙar da ake yi wa amarya da ango da sunayensu kwangila ce ta mako guda. Waƙar siyasa, wadda Dauda Kahutu Rarara ya fi kowa shahara da ita tun zaɓen 2015, tana da yabo da zambo da habaici kamar ta fada, sai dai ubangidan na iya sauyawa kafin zaɓe na gaba, wanda aka yaba bara a zambace shi bana. Naɗin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi wa Naziru M. Ahmad na Sarkin Waƙa ya nuna fada ba ta rufe ƙofarta ba, amma sarautar gargajiya ba ta da tattalin da za ta riƙe makaɗi da iyalinsa da 'yan amshinsa kamar da. Idan dattijo ya ce mawaƙan yau ba su da amana, abin da yake gani shi ne sana'ar da babu mai ɗaukar nauyinta fiye da kaka ɗaya.

5.0 Abin da Ya Shafi Manazarta

Kayan aikin da muke nazarin waƙar baka da su, irin waɗanda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, an ƙera su ne a kan makaɗan da ke da jagora da amshi da kayan kiɗa na gargajiya. Suna aiki sosai wajen fito da turke da salo a waƙar zamani, amma ba su da gurbin mai haɗa kiɗa a situdiyo, alhali shi ne ke yanke rabin abin da kunne zai ji. Ɗalibin da ya rubuto baitocin Nura M. Inuwa a takarda ya nazarce su kamar na Ɗanƙwairo, ya bar wanda ya tsara sautin a waje, rabin waƙar ya nazarta. Haka nan tambayar wa ya biya kuɗin waƙar, nawa aka biya, ta wace hanya ta isa ga jama'a, ta cancanci shiga cikin nazari kamar yadda tarihin ubangida ke shiga nazarin waƙar fada.

Akwai kuma batun taskar da dattijo ke alfahari da ita. Yawancin rerawar makaɗan dauri suna kan tsofaffin zaruruwan ɗaukar sauti a gidajen rediyo da cibiyoyin bincike, kuma zare yana lalacewa da zafi da ƙura. Abin da ya fita zuwa intanet, galibi wasu ne suka kwafa daga kaset suka ɗora, ba shekarar rerawa, ba wurin da aka yi ta, ba sunayen 'yan amshi, kuma ba tare da an tuntuɓi magada ba, duk da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Rediyon kaset ɗin dattijo ta daɗe da mutuwa. Shatan da yake saurare yau da dare a ƙaramar wayarsa, wurin mai tura waƙoƙi na bakin kasuwa jikansa ya karɓo masa, a kati ɗaya da waƙoƙin Ado Gwanja.