Pentium 4 da Core 2 Duo: wace ta fi aiki?

Jama'a, kwamfuta ta shigo garuruwanmu. Ita ce wasu ke ce ma odinater. A Dogon Dutsi da Tibiri muna ganinta a biro, a lakwal, da wurin masu buga takardu. Galibi ba sabuwa ba ce. Tsohuwa ce da anka yi aiki da ita a Turai, sannan anka kawo ta kasuwa. Mai saye kuwa sai ya tara kuɗi wata da watanni. In ya yi kuskure, kuɗin sun tafi.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu mai faɗi, bai kai tafin hannu ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta, shi ke yin lissafi duka. Cikin tsofaffin kwamfutoci ana yawan samun iri biyu. Wani kamfani na Amurka mai suna Intel ya ƙera su. Ta farko ita ce Pentium 4, ta fito a 2000. Ta biyu Core 2 Duo, ta fito a 2006.

Kusa da sunan kowace akwai lamba da haruffa uku: GHz. Wannan lamba tana faɗin bugun da ƙwaƙwalwar ke yi. GHz guda bugu miliyan dubu ne cikin sakan ɗaya. Pentium 4 mafi sauri ta kai GHz 3,8. Wata Core 2 Duo mai lamba E6300 kuwa GHz 1,86 gare ta. To, mai tsada ya nuna maka lambobin nan biyu, wace za ka ɗauka? Kowa zai ce babbar. Nan ne ake faɗuwa.

Mu duba daka. Ga yarinya da ƙaramar taɓarya. Tana bugu da sauri, ƙwal-ƙwal-ƙwal, duk unguwa na ji. Amma taɓaryar ba ta da nauyi, kowane bugu kaɗan yake ci. Ga kuma mace babba da taɓarya mai nauyi. Ba ta gaggawa, amma in ta sauke sau ɗaya hatsi ya ji. Wa za ta riga gama surfe? Kowace mace ta san amsa. Ƙidayar bugu daban, aikin da bugun ya yi daban.

Pentium 4 ita ce yarinyar. An ƙera ta don bugu mai yawa, amma kowane bugu aikinsa kaɗan ne. Core 2 Duo bugunta bai kai ba, amma kowane ɗaya shina cin aiki sosai. Kuma ba nan ta tsaya ba. Kalmar Duo tana nufin biyu. A cikinta masu aiki biyu ne, kamar mata biyu a turmi guda, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Da anka gwada su a 2006, ƙaramar mai GHz 1,86 ta wuce manyan Pentium 4 a mafi yawan ayyuka.

Sai maganar wuta da zafi, kuma mu nan Arewa ita ta fi shafa. Pentium 4 mai GHz 3,8 tana iya jan wat 115 ita kaɗai. Core 2 Duo ta tebur wat 65 ce, ta hannu kuwa wajen 35. Duk wutar da ƙwaƙwalwa ta ci zafi take komawa. A watan Afrilu da Mayu zafin Dutsi shina wuce digiri 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. In zafi ya yi mata yawa sai ta rage sauri da kanta, ko ta mutu kana tsakiyar aiki. Wanda ke aiki da faifan rana da batir, ya san bambancin wat 115 da wat 65 tun kafin magariba.

Akwai wata dabara da ya kamata ku sani. Daga 2002 wasu Pentium 4 suna nuna kamar biyu ne a allo. Ba biyu ba ne, mai aiki ɗaya ne ke kama aiki biyu. Kada kuma ku yarda da ƴar takardar da anka liƙa a jikin kwamfuta, ana ciro ta daga wata a manna. Ku ce a kunna. A danna Ordinateur ko Poste de travail da maɓallin dama, a zaɓi Propriétés. Sunan ƙwaƙwalwar na gaskiya zai fito. Yanzu da kun iya karatu, ku karanta shi da idonku.

Su duka biyu sun tsufa. Windows 11 ba ta karɓarsu, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Don shiga intanet za su ba ku wahala. Amma don buga wasiƙa, ko rubuta lissafin bankin cimaka da sunayen ƴan ƙungiya, Core 2 Duo tana iyawa har yau. Kafin ku biya, ku bar ta a kunne rabin awa, ku sa hannu wurin fanka ku ji ko iska na fita.