Kan famfo ya cije? A ajiye guduma tukuna

Tun da rijiyoyin burtsatse da tankunan sama suka yawaita a Bakori da ƙauyukan da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, kan famfo ya shiga gidaje da masallatai da makarantu, ya kuma zo da tasa matsalar: wata rana sai a murɗa ya ƙi motsi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko filaya ko guduma a gwada ƙarfi. Galibi nan ɓarnar take farawa, domin abin da ya riƙe famfon ba ya jin duka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da gishirin duwatsu da ɓurɓushin yashi, duk ɗigon da ya bushe yana barin wani farin ɓawo a tsakanin mariƙi da sandar da yake zaune a kai. Ga kuma tsatsa, musamman inda aka ɗaura kan tagulla a bututun ƙarfe, don ƙarfe iri biyu da suka haɗu cikin danshi ɗaya yakan ci ɗaya. Famfon da ya yi watanni ba a murɗa shi ba saboda rashin ruwa ya fi kowane saurin cijewa.

Idan an gane haka, aikin ya zama na narkarwa. A fara rufe ruwa daga tanki. A ɓamɓare ɗan murfin da ke tsakiyar mariƙin, akwai sukuru a ƙarƙashinsa. A wasu na shawa sukurun yana gefe, sai ɗan makulli mai kusurwa shida ke kwance shi. Mutane da yawa suna kokawa da mariƙi alhali sukurun yana nan daram. In an cire shi abin bai saki ba, a jiƙa tsumma da ruwan khal ko na lemun tsami, a naɗe wurin awa ɗaya zuwa biyu, tsamin zai cinye farin ɓawon. Tsatsa kuwa sai man feshi irin WD-40, a bar shi ya ratsa, sannan a girgiza mariƙin a hankali ana ja. In kan famfon gaba ɗaya za a kwance, sufana biyu ake sa wa: ɗaya ta riƙe bututu, ɗaya ta juya kan zuwa hagu.

Wani zai ce, ai kan famfo araha ne, a fasa a sayo sabo. Da kan ne kaɗai ke karyewa da maganar ta yi. Amma ƙarfin da aka sa yana bin sanda ya sauka a mahaɗar da ke binne cikin bango, bututun roba kuwa ba ya jure murɗa. Ya tsage a can ciki, ruwa ya yi ta tsiyaya ba a gani, sai bango ya jiƙe, a ginin ƙasa ma abin ya fi haɗari. Garin neman gira sai a rasa ido: fasa siminti, kuɗin mai gyara, da kwanaki ba ruwa.

Masu cewa a gasa wurin da wuta ma suna da ɗan abin faɗi, don zafi yana buɗa ƙarfe. Sai dai cikin famfo akwai robar da ke tare ruwa, wuta na taɓa ta ta lalace. Ruwan zafi ya wadatar. Kalanzir da baƙin mai suna sassauta tsatsa, amma ruwan sha da alwala ke bi ta nan. Ruwan batir kuwa kada ma a kusanto da shi, yana ƙona hannu, yana makantarwa.

Jama'a, musamman masu kula da famfunan masallatai da makarantu, in an jiƙa an jira har sau biyu bai motsa ba, a kira mai gyaran famfo tun bututu yana lafiya.