Ƙwaro masaƙi

In kuka ga farar saƙa bisa ɓawon icce ko ƙarƙashin dutse, kada ku ce lalle aikin gizo-gizo ne. Akwai wani ɗan ƙwaro siriri da shi ma yake saƙa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 2 ba.

Ku ƙidaya ƙafafunsa. Gizo-gizo ƙafa 8 gare shi. Wannan ƙafa 6 gare shi, kamar fara da kyankyaso. Masana suna kiran danginsa Embiyoptera. Sun gano iri fiye da 400, mafi yawa cikin ƙasashe masu zafi.

Daga ina zaren yake fitowa? Tsutsar tsamiya ta baki take fidda nata. Gizo-gizo ta ƙarshen cikinsa. Shi ko masaƙi ta ƙafafunsa biyu na gaba. Da zaren yake saƙa hanyoyi masu rufi, ya zamna ciki. In ya ji motsi, sai ya ruga da baya.

Macen ba ta da fukafukai. Ita ke tsaron ƙwai da ƴaƴa. Namiji galibi yana tashi, ya zo wurin fitila da dare. In ya girma ba ya cin abinci, ba ya daɗewa.

Abincin sauran busasshen ganye ne da ɓawon icce. Ba gara ba ne, ba ya cin azara ko hatsin rumbu. Kada ku ɓata kuɗinku kuna fesa masa magani.