Kanwa ta kar tsami

A unguwar Lamaji, arewacin birnin Njamena, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tsamiya da kanwa a madafa ba. In inna za ta dama kunu, sai ta jiƙa tsamiya. In za ta dafa wake, sai ta jefa ƴar kanwa don ya yi saurin nuna. In miyar yakuwa ta cika tsami, kanwa ce za ta gyara ta. Shi ya sa Hausawa suke cewa: kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Yau za mu ga yadda wannan karin magana ya dace da abin da masana kimiyya suka gano.

Dangi biyu

Lemun tsami, tsamiya, yakuwa da nono duk suna da tsami. Dangi ɗaya ne. Abin da yake sa su tsami ana ce da shi asid. Akwai asid a cikin tumbinmu ma, shi yake taimaka mana narkar da abinci. In ya taso zuwa maƙogwaro, sai mutum ya ji ƙwarnafi.

Kanwa, ruwan toka da sabulu su ma dangi ɗaya ne. Ba su da tsami, suna da bauri, kuma ruwansu yana da santsi a hannu. Wannan dangi ana ce da shi baz.

Ƙasar Cadi tana da arzikin kanwa. Ana haƙo ta a kwarurrukan Kanem da na bakin tafkin Cadi, wajen Liwa da Baga Sola. Ruwan ƙasa ne yake tasowa ɗauke da gishiri iri-iri. In rana ta ƙafar da shi, sai kanwa ta daskare, a fasa ta dunƙule-dunƙule. Daga can ake kai ta kasuwannin Njamena, har zuwa Najeriya. Makiyaya ma suna ba dabbobinsu ita.

In asid ya haɗu da baz, kowa sai ya karya ƙarfin ɗan'uwansa. Ku matsa lemun tsami a ruwan kanwa ku gani. Zai yi kumfa, yana tsuwa. Iska ce take fita, irin wadda take cikin lemun kwalba. In kumfar ta kwanta, tsamin ya ragu ƙwarai.

Mu gwada da soɓorodo

Ba kowane abu ake ɗanɗanawa ba. Wani asid yana ƙona harshe, wani baz yana cin fata. To, yaya za mu gane su ba tare da mun sa a baki ba? Soɓorodo zai taimake mu, wanda mutanen Njamena suke kira karkanji.

Ku jiƙa soɓorodo a ruwan zafi, ku tace, ku bari ya huce. Kada ku sa sukari. Ku raba shi cikin kofi uku.
A kofi na farko, ku matsa lemun tsami. Jan zai ƙara haske.
Kofi na biyu, ku bar shi yadda yake.
A kofi na uku, ku zuba ruwan kanwa. Jan zai ɓace, ruwan ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore.
Yanzu ku riƙa ɗiga lemun tsami a kofi na uku, kaɗan-kaɗan. Me kuka gani? Jan ya dawo!

Ashe launin soɓorodo yana gaya mana ko abu asid ne, ko baz ne. Masana suna da wata ƴar takarda mai irin wannan hali. Ana tsoma ta a ruwa, ta sake launi, a gwada launin da na jikin kwalinta.

Ma'aunin pH

Ba duk tsami ne ɗaya ba. Lemun tsami ya fi nono tsami. Yadda ake auna tsawo da mita, nauyi da kilo, haka ake auna tsami da wani ma'auni mai suna pH. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sørensen, shi ya ƙago shi a shekarar 1909, a birnin Kopenhagen.

Ma'aunin kamar tsani ne, daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana tsakiya, a kan 7: ba asid ba ne, ba baz ba ne. Abin da ya kasa 7 asid ne. Abin da ya haura 7 baz ne. Ga misalai:

ruwan batirin mota: 1 ko ƙasa da haka
lemun tsami: wajen 2
ruwan tsamiya: wajen 3
nono: 4 zuwa 5
madara: wajen 6,5
ruwa tsantsa: 7
jinin mutum: wajen 7,4
ruwan sabulu: 9 zuwa 10
ruwan kanwa: 10 zuwa 11
jabel: wajen 12
sodar yin sabulu: 13 zuwa 14

Ku lura da kyau: in lamba ta yi ƙasa, tsami ya yi yawa. In lamba ta yi nisa da 7, ko ta dama ko ta hagu, abin yana da haɗari.

Mu yi lissafi

Asid in ya shiga ruwa yana sakin wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Sunansu ƙwayoyin idrojen. Yawansu ne yake kawo tsami. Masana suna auna yawansu a cikin lita ɗaya da wani ma'auni mai suna mol. Lambobin da ake samu ƙanana ne, masu sifiri da yawa. Don a huta da rubuta sifiri, sai a ƙidaya gurbi nawa ne bayan waƙafi:

0,1 gurbi ɗaya, pH 1
0,01 gurbi biyu, pH 2
0,001 gurbi uku, pH 3
0,0000001 gurbi bakwai, pH 7

Wannan dabara tana aiki in lambar sifiri ce zalla da 1 a ƙarshe. Sauran lambobi za ku koye su a kolej.

Kun san 0,01 kashi ɗaya ne cikin goma na 0,1. Ke nan, duk taki ɗaya a kan tsanin pH, ninki goma ne. Ruwa mai pH 2 ya ninka mai pH 3 sau 10 a yawan ƙwayoyin idrojen. Ya ninka mai pH 4 sau 10 x 10, wato sau 100. Tsakanin lemun tsami da ruwa tsantsa akwai taki biyar: 10 x 10 x 10 x 10 x 10, wato sau 100 000.

Hattara, yara!

Mata masu yin sabulu suna jiƙa soda a ruwa. Ruwan soda fari ne tas, kamar ruwan sha, ba shi da wari. Wasu suna ajiye shi a kwalbar lemu. Ƙaramin yaro mai jin ƙishirwa zai iya ɗauka ya kurɓa. Kurɓi ɗaya ya isa ya ƙona bakinsa da maƙoshinsa, har ya daɗe bai iya haɗiye abinci ba. Ruwan batir ma haka yake ƙonawa.

Ku ne manya ga ƙannenku. Ku riƙe waɗannan:
Kada a zuba soda, jabel ko ruwan batir a kwalbar abin sha. A rufe su, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.
In sun taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana zubawa.
In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona shi wajen fitowa. Kada a ba shi lemun tsami ko kanwa da nufin karya ƙarfinsa. A kai shi asibiti nan take, tare da kwalbar.
Kada a gama jabel da abu mai tsami. Suna fitar da iska mai guba.

Mu koyi Faransanci
asid: un acide
baz: une base
kanwa: le natron
toka: la cendre
tsamiya: le tamarin

Tambayoyi
1. Ku kawo abubuwa uku na dangin asid, da uku na dangin baz.
2. Me ya sa inna take sa kanwa a miyar yakuwa?
3. Wani ruwa yana da 0,0001 mol na ƙwayoyin idrojen a lita. Nawa ne pH ɗinsa?
4. Ruwa mai pH 3 da mai pH 6, wanne ya fi tsami? Sau nawa?
5. Ƙanenka ya kurɓi ruwan soda. Me za ka yi? Me ba za ka yi ba?

Aikin gida
Ku roƙi inna toka kaɗan daga murhu. Ku jiƙa, ku tace, ku zuba a ruwan soɓorodo. Ku rubuta launin da kuka gani, ku kawo wa malam gobe.