Zakarun Finafinan Indiya na 1995: Wanne Kulob Ɗinku Zai Ɗora a Gaba?

Duk inda masoya finafinan Indiya suka haɗu suka kafa kulob, ko a unguwa ne ko a makarantar kwana, akwai rana guda da ba a cika tashi lafiya ba, ita ce ranar da aka ce kowacce ta faɗi fim ɗin da ya fi burge ta a shekara. A ranar za ki ga aminai biyu masu ci a kwano ɗaya sun juya wa juna ƙeya, wannan ta ce Shah Rukh Khan, waccan ta ce in ba Salman Khan ba sai dai a fasa zaɓen.

To a duk shekarun da ake wannan musu a kansu, da wuya a sami kamar 1995. Ki tambayi Anti ko Umma ki sha labari. A wancan zamani 'yan mata a Kano ba sa zuwa silima, su Plaza da Marhaba da Eldorado wuraren maza ne. Kuɗi ake haɗawa a aiki ƙani ya karɓo hayar kaset, a taru a gidan da ke da bidiyo, ana kallo ana addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. Babu fassarar Hausa irin ta yanzu, amma kowacce ta san abin da ake faɗa. Sabo ya kai har an raɗa wa jarumai sunaye: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Mun zauna mun tankaɗe finafinan wannan shekara mun rairaye, mun fitar da guda 5. Ma'auninmu ɗaya ne: in waƙa ta ƙare an kashe talabijin, me fim ɗin ya bar miki a zuciya? Abin mamaki, dukkansu a kan tambaya guda suke kewayawa: wa zai zaɓa wa yarinya miji, kuma da me za a auna shi?

NA 5: COOLIE NO. 1

Mu fara da na dariya. David Dhawan ne ya ba da umarni, Govinda da Karisma Kapoor suka fito, sai marigayi Kader Khan a matsayin uba mai idon cin naira, wanda ya rantse 'ya'yansa ba za su auri kowa ba sai mai hannu da shuni. Wata rana ya ci mutuncin wani mai dalilin aure saboda manemin da ya kawo bai cika masa ido ba. Shi kuwa mutumin ya ƙulla a ransa. Ya je tasha ya ɗauko ɗan dako mai suna Raju, ya sa masa kwat, ya gabatar da shi a matsayin ɗan hamshaƙin attajiri. Jiki na rawa uba ya ba da 'yarsa Malti. Da asiri ya fara tonuwa sai Raju ya ƙirƙiro wata ƙaryar, wai shi tagwaye ne, ɗan dakon ɗan'uwansa ne.

An sha dariya, kuma rawar Govinda ba a magana. Amma 'yar'uwa, wannan labari ai a ƙofar gidanku yake faruwa. Saurayi nawa ne yake zuwa zance da motar aro, agogon aro, har turaren ma na aboki ne? A fim Malti ta yafe an zauna lafiya. A zahiri kuwa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma amarya ce take kwana a ciki, su Baba suna gida.

NA 4: RANGEELA

Wannan na Ram Gopal Varma ne, ya fito a watan Satumba. Shi ne fim ɗin Hindi na farko da A. R. Rahman ya tsara wa sababbin waƙoƙi tun daga tushe, shi ya sa kiɗansa ya fita daban da na sauran. Urmila Matondkar ce Mili, 'yar talakawa mai rawa a bayan jarumai, burinta ta zama tauraruwa. Aamir Khan shi ne Munna, maraya ɗan cuwa-cuwar tikiti a ƙofar silima, wanda ya daɗe yana son ta amma baki ya ƙi buɗewa. Sai ga Jackie Shroff, babban jarumi mai kuɗi da mota, ya ɗauke ta fim, shi ma ya kamu.

Wa zai manta ranar da Munna ya caɓa ado da kaya ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa, ya kai ta babban otal don ya burge ta, aka tashi ba a yi maganar da ta kawo su ba? Allah sarki! Daga ƙarshe ya ga ba zai iya ja da mai kuɗi ba, ya bar mata wasiƙa ya kama hanya. Mili ce da kanta ta bi bayansa, kuma attajirin ne ya kai ta. Ga mace da ta san abin da take so, ga namiji da aka ƙi bai zama maƙiyi ba.

Abin da ya hana shi hawa sama a jerinmu kowa ya sani: suturar Mili. Manish Malhotra da ya tsara ta har kyautar Filmfare ya ci, amma a gidajenmu fim ne da ake kallo hannu na kan na'ura, ana jin tarin Baba a soro sai a tura kaset gaba.

NA 3: AKELE HUM AKELE TUM

Yawancin finafinan soyayya a ranar biki suke ƙarewa. Wannan na Mansoor Khan daga nan ya fara. Rohit, wato Aamir Khan, mawaƙi ne mai neman suna. Kiran, wato Manisha Koirala, ita ma tana koyon waƙa. Iyayenta suka ce ba su yarda ba, ta sa ƙafa ta bi shi aka yi aure, suka haifi ɗa namiji, Sonu. Ba a daɗe ba sai ta ga ita ce wanki, ita ce girki, ita ce raino, maigida kuwa burinsa kaɗai ya sani, nata ko a jikinsa. Ranar da tura ta kai bango ta fice ta bar masa yaron. Ta zama tauraruwa, shi kuma ya koyi dafa abinci da kai yaro makaranta. Daga nan sai kotu, kowa yana tona asirin ɗan'uwansa a gaban alƙali don ya sami ɗa.

An ɗauko ƙashin labarin ne daga wani fim ɗin Amurka na 1979, Kramer vs. Kramer, kuma bai yi kasuwa kamar sauran ba. Amma mu mun ɗora shi a na 3 saboda ke 'yar makaranta. Duk saurayin da ya ce miki "ki bar karatun nan, in mun yi aure kya ci gaba", ki tuna da Kiran. Maganar karatu ko sana'a a gaban manya ake yin ta, kafin a shafa fatiha, da shaidu. Alƙawarin da aka yi a dakalin zance iska ce take kwashe shi.

NA 2: KARAN ARJUN

A nan ne musu yake yin zafi, domin akwai 'yan kulob da har gobe ba su yarda an ba wani fim na ɗaya ba. Rakesh Roshan ya fitar da shi a watan Janairu, ya haɗa Salman Khan da Shah Rukh Khan a matsayin wa da ƙani. Raakhee ce uwarsu Durga, Amrish Puri kuma shi ne bos, Durjan Singh, wanda ya kashe ubansu saboda gado, sannan ya sa aka kashe su. Durga ta ƙi yarda sun tafi. Shekara da shekaru tana yawo a ƙauye tana cewa 'ya'yanta za su dawo, mutane suna kiran ta mahaukaciya. A labarin an sake haifar su a wasu gidaje, suka girma, suka dawo suka ɗau fansa.

Batun a mutu a sake dawowa duniya imanin Hindu ne, mu dai kallo muke yi. Abin da yake sa ɗaki ya cika da shessheƙa shi ne uwar nan. Duk wadda ta taɓa ganin Ummanta ta tsaya a zaure tana jiran ɗan da ya yi dare, ta gane Durga ba sai an fassara mata ba. A gefe kuma ga Kajol a matsayin Sonia, wadda ubanta yake shirin aurar da ita ga ɗan Durjan don ƙulla harkar kasuwancinsu. Kin ga dai tambayar nan ta sake dawowa.

NA 1: DILWALE DULHANIA LE JAYENGE

Ranar 20 ga Oktoba, 1995 ya fito. Shi ne fim na farko da Aditya Chopra ya ba da umarni, yana ɗan shekara 24. Ya kwashe kyaututtukan Filmfare har 10. Wata silima a birnin Mumbai mai suna Maratha Mandir ta yi ta nuna shi kullum har ya cika mako 1,000 a watan Disamba na 2014, aka kuma ci gaba. Annobar korona ce ta dakatar da shi a 2020, da aka buɗe aka mayar da shi.

Labarin kin san shi. Simran, wato Kajol, a Landan ta tashi, amma tun tana jaririya mahaifinta Baldev Singh ya yi wa abokinsa da ke Fanjab alƙawarin ita ce matar ɗansa Kuljeet. Ta roƙi wata guda ta zaga Turai da ƙawayenta, a jirgin ƙasa ta haɗu da Raj. Da Baldev ya ji labari sai ya kwashe iyalinsa gaba ɗaya zuwa Indiya aka fara shirin biki. Raj ya biyo su, ya yi abota da ango, ya shiga gidan yana ɗaukar faranti yana hidima kamar ɗan gida.

Yawancin masu kallo wurin tashar jirgi suke tunawa, inda uba ya saki hannun 'yarsa ta ruga. Mu kuwa abin da ya ba wa fim ɗin nan kambu a wurinmu wani wuri ne kafin nan. Lajjo, mahaifiyar Simran, wadda Farida Jalal ta fito a matsayinta, ta taɓa zaunar da 'yarta ta gaya mata yadda ita ma aka danne nata burin tun tana yarinya, har aka fifita karatun 'yan'uwanta maza a kan nata. Da ta gano Raj ne wanda 'yarta take so, sai ta ce su gudu. Uwa fa! Raj ya ce a'a. Ya ce ba zai saci amarya ba, sai uban ya ba shi da hannunsa. Ya sha mari, ya sha duka, bai canza magana ba.

Wannan ne ya sa fim ɗin ya zauna daram a gidajen Hausawa. Auren dole ba baƙonmu ba ne, duk wadda ta karanta Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta san yadda yake ƙarewa. Gudu ma mun san ƙarshensa. Raj da Simran sun nuna ana iya tsayawa a kan so ba tare da an zubar da mutuncin iyaye ba.

Amma kada son jarumi ya rufe mana ido. Da ƙarya Raj ya shiga gidan nan. Kuma akwai wadda ba a cika tunawa da ita ba: Preeti, ƙanwar ango, wadda ta kamu da son sa har manya suka fara maganar aurensu, alhali shi ya san ba don ita ya zo ba. Jirgi ya tashi, kowa yana tafi, ita fa? A ranar zaɓe, ya kamata a sami 'yar kulob ɗaya da za ta yi magana a madadin Preeti, domin a rayuwa wata rana ke ce Simran, wata rana ke ce ita.

KAFIN KU KAƊA ƘURI'A

'Yar'uwa, Baldev ya saki hannun 'yarsa ne saboda marubuci ya rubuta haka. A gidanku babu marubuci, babu jirgin da zai yi ta tafiya a hankali yana jiran ki. Simran ta yi shiru har aka fara biki, ke kada ki yi. In an yi miki miji ba kya so, ki faɗa tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, tun kafin a sa rana a kawo lefe. In kina jin nauyin Baba, ga Umma, ga Gwaggo, ga Kawu, ga kakarki da ba a ƙetare maganarta. Shari'a ma ta ce a nemi izinin budurwa. In kuma akwai wanda kike so, ma'auninsa mai sauƙi ne: ki ce ya turo magabatansa. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce ku haɗu a wani wuri tukuna, to ko ya fi Shah Rukh Khan iya kallo, ki ja mayafinki ki shige gida.

Wannan shi ne jerinmu, mun kuma san 'yan Karan Arjun ba za su yafe mana ba, haka masoya Madhuri Dixit za su ce ina muka baro Raja. To fili naku ne. Ku zauna a kulob ɗinku ku yi naku zaɓen, kowacce ta faɗi fim ɗinta da dalilinta, ban da "jarumin ya haɗu", sannan ku rubuto mana. Sai dai a tabbata an gama aikin gida da na makaranta kafin a kunna kallo.