Yawan Sayayya Ba Ya Ba da Kofin Firimiya

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta na kowace shekara, lokacin da kasuwar cinikin 'yan wasa ke ci a Turai, akwai maganar da takan mamaye gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi da majalisun matasa, tun daga Kano har Damagaram. Maganar ita ce, ƙungiyar da ta fi kowa zuba kuɗi a kasuwa ita za ta ɗauki kofin gasar Firimiya ta Ingila. Da an ji wata ƙungiya ta sayo ɗan wasan gaba a kan fam miliyan 80, sai magoya bayanta su ce, "Bana kam magana ta ƙare." Wanda kuwa ƙungiyarsa ba ta yi wata sayayya ba, jikinsa ya yi sanyi ke nan tun alƙalin wasa bai busa usur ba. Wannan fahimta tana buƙatar gyara, kuma hujjojin gyaran suna nan a tarihin gasar, inda duk mai bin ta zai iya tantance su da kansa.

Adalci shi ne a fara da cewa masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba. Sun ga aikin kuɗi da idonsu. Blackburn Rovers ta ɗauki kofi a 1995 da dukiyar attajiri Jack Walker, wanda ya sayo mata Alan Shearer da Chris Sutton. Chelsea ta yi shekara 50 rabonta da kofin lig, sai da Roman Abramovich ya saye ta a 2003 sannan ta ɗauka a 2005, ta maimaita a 2006. Manchester City ba ta cikin lissafin kowa kafin attajiran Abu Dhabi su karɓe ta a 2008, amma ita ce ta lashe gasar sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Duk wanda ya ce kuɗi ba su da tasiri a ƙwallon Ingila bai faɗi gaskiya ba. Kuskuren yana wuri guda ne: a ɗauki abin da aka kashe a kasuwar bazara ɗaya, a mai da shi ma'aunin wanda zai ɗauki kofi a kakar da ke tafe.

Hujja ta farko tana cikin misalan da masu ra'ayin suke kawowa. A ranar da aka sayi Manchester City, a ranar aka kawo Robinho daga Real Madrid a kan fam miliyan 32.5, kuɗin da babu ƙungiyar Ingila da ta taɓa biya kafin lokacin. A wannan kaka City ta ƙare a matsayi na 10. A kaka ta biyu ta zo ta biyar, a ta uku ta zo ta uku. Sai a 2012 ta samu kofin, shi ma da ƙyar, domin maki 89 ta yi daidai da Manchester United, bambancin ƙwallaye ne ya raba gardama bayan ƙwallon da Sergio Agüero ya ci a mintunan ƙarshe. Chelsea ma ta kashe sama da fam miliyan 100 a kakar farko ta Abramovich, amma Arsenal ce ta ɗauki kofi ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, da Nwankwo Kanu a cikin tawagar. Babban cinikin Arsenal a wannan bazara shi ne mai tsaron gida Jens Lehmann, kuma da araha ta same shi. Blackburn kuwa sai da ta yi ta huɗu, ta yi ta biyu, sannan ta yi ta ɗaya. Ko a inda kuɗi suka yi aiki, shekaru suka ɗauka kafin su yi.

Hujja ta biyu ita ce abin da muka shaida a 'yan shekarun nan. Bayan Todd Boehly da abokan hulɗarsa sun sayi Chelsea a 2022, ƙungiyar ta kashe sama da fam miliyan 500 a kaka ɗaya, har da fam miliyan 106.8 da ta biya don Enzo Fernández. Ta ƙare ta 12 da maki 44, bayan ta sallami Thomas Tuchel da Graham Potter. Manchester United ta kashe fiye da fam biliyan 1 wajen sayen 'yan wasa tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, daga Ángel Di María zuwa Paul Pogba zuwa Harry Maguire, amma a kakar 2024/25 ta 15 ta zo. A wannan kakar kuwa, Liverpool ta shiga gasar da sabon koci, Arne Slot, kuma Federico Chiesa kaɗai ta ƙara a cikin manyan 'yan wasanta. Ta tabbatar da kofi tun saura wasa huɗu, ranar 27 ga Afrilun 2025, da ta doke Tottenham da ci 5 da 1. A bazarar da ta biyo baya Liverpool ɗin ce ta kashe sama da fam miliyan 400, har da fam miliyan 125 don Alexander Isak, amma kafin Oktoba ta ƙare ta sha kashi sau huɗu a jere a gasar. Ƙungiya ɗaya, koci ɗaya, ta nuna mana fuskar al'amarin guda biyu a cikin shekara ɗaya.

Hujja ta uku ta shafi farashin kansa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kuɗin da aka sayi ɗan wasa su ne awon ƙwarewarsa, alhali abubuwa da dama ke yanke farashi. Akwai shekarunsa na haihuwa, akwai shekarun da suka rage a kwantiraginsa, akwai ko an rubuta adadin da za a biya a sake shi, akwai kuma matsuwar mai saye, domin mai sayarwa yakan ƙara kuɗi in ya ga an rasa mafita. A bazarar 2022 City ta ɗauki Erling Haaland a kan kimanin fam miliyan 51, saboda adadin yana rubuce a kwantiraginsa da Borussia Dortmund. United ta biya Ajax sama da fam miliyan 80 don Antony a ƙarshen kasuwar. Haaland ya ci ƙwallo 36 a gasar, abin da ba a taɓa yi ba a kaka ɗaya ta Firimiya, Antony ya ci huɗu. A Janairun 2011 Chelsea ta ba Liverpool fam miliyan 50 don Fernando Torres, ya ci ƙwallo ɗaya tak zuwa ƙarshen kakar, ita kuwa Liverpool ta ɗauko Luis Suárez a kan ƙasa da rabin wannan kuɗi. Sol Campbell ko kwabo Arsenal ba ta biya Tottenham ba a 2001, saboda kwantiraginsa ya ƙare, kuma da shi ta ɗauki kofi a 2002 da 2004. Mai lissafin kuɗin kasuwa kawai zai rubuta sifili a gaban sunan Campbell.

Hujja ta huɗu ita ce ta masu bincike. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski da marubuci Simon Kuper, a littafinsu Soccernomics, sun kawo nazarin ƙungiyoyin Ingila 40 daga 1978 zuwa 1997. Abin da ƙungiyoyin suka kashe wajen sayen 'yan wasa ya bayyana kashi 16 cikin 100 ne kawai na bambancin matsayinsu a teburi, albashin da suke biya kuwa ya bayyana kashi 92. Dalilin a fili yake. Kuɗin saye suna shiga aljihun ƙungiyar da ta sayar ne, kuma labarin mutum uku ko biyar da suka zo bana kaɗai suke bayarwa. Albashi kuwa ya game tawagar gaba ɗaya, har da gwanayen da ƙungiya ta iya riƙewa ba su tafi ba. Riƙe Mohamed Salah da Liverpool ta yi, wanda ya ci ƙwallo 29 ya kuma ba da 18 aka ci a kakar 2024/25, ba ya fitowa a jerin sayayya, amma ya fi kowane ciniki na wannan bazara amfani.

Hujja ta biyar ita ce, ana yawan kallon wanda ya zo a manta da wanda ya tafi. Mu a nan ba za mu manta da bazarar 2016 ba, lokacin da Leicester City, tana riƙe da kofi, ta ɗauko Ahmed Musa daga CSKA Moscow, sannan ta ƙara da Islam Slimani na Aljeriya a kan kuɗin da ba ta taɓa biya ba. A takarda, gabanta ya ƙara ƙarfi. Amma ta sayar wa Chelsea N'Golo Kanté, mutumin da ke tare tsakiya yana ƙwato ƙwallo. Leicester ta ƙare ta 12, Chelsea ta ɗauki kofi da Kanté. Ba laifin waɗanda aka sayo ba ne, domin ba a gurbinsu ɓarakar take ba. Haka Tottenham ta sayar da Gareth Bale a 2013, ta sayo mutum bakwai da kuɗin, ta sauko daga ta biyar zuwa ta shida. Liverpool kuwa, da ta sayar wa Barcelona Philippe Coutinho a 2018, wurare biyu da ke zubar mata da maki ta toshe: Virgil van Dijk a baya, Alisson a raga. Ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2019, ta ɗauki Firimiya a 2020 da maki 99. Manomi ya san cewa yawan buhunan taki ba shi ke cika rumbu ba, sai an san gonar, an san abin da ta rasa, an zuba a kan kari. Mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, kuma sabon zuwa yana buƙatar lokaci kafin ya saba da abokan wasansa, da tsarin koci, da saurin ƙwallon Ingila. Kevin De Bruyne da Salah duk sun zauna a Chelsea ba su samu gurbi ba, kafin daga baya su zama fitattun gasar a wasu ƙungiyoyi.

Hujja ta shida ita ce tsawon kakar. Wasa 38 kowace ƙungiya ke yi daga Agusta zuwa Mayu, kuma abubuwan da ke karkata kofi a cikin waɗannan watanni ba a sayar da su a kasuwa. Van Dijk ya ji rauni a gwiwa a Oktoban 2020, Liverpool ta sauko daga maki 99 zuwa 69. Rodri ya ji irin wannan rauni a Satumban 2024, City ta sauko daga maki 91 zuwa 71. Akwai cunkoson wasannin Disamba, lokacin da ake buga wasa bayan kwana biyu ko uku cikin tsananin sanyi. Akwai gasar cin kofin Afirka da kan ɗauke 'yan wasanmu a tsakiyar kaka. Akwai nauyin wasannin Turai, wanda Leicester a 2016 da Chelsea a 2017 duk ba su ɗauka ba a kakar da suka ci kofi. An kuma yi dokar da ta taƙaita asarar da ƙungiya za ta iya yi a cikin shekara uku, wadda ta sa aka rage wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. Kashe kuɗi ba lissafi yana iya zama sanadin rasa maki tun daga ofis.

Mai yiwuwa ɗan'uwa mai karatu ya ce, ai abin da Leicester ta yi sau ɗaya ya faru, kuma a ƙarshe manya ne ke cin kofi. Wannan gaskiya ne. Daga 1992 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai kaɗai suka ɗauki kofin Firimiya, kuma ban kafa hujjata a kan cewa kowa zai iya zama Leicester ba, wadda ta haɗa Jamie Vardy da Riyad Mahrez da Kanté a kan kuɗin da ba su kai fam miliyan 10 ba. Arziki yana ware ƙungiyoyi biyar ko shida da za su yi takara. Tambayar da ake gardama a kanta a watan Agusta ita ce, a cikin waɗannan manyan wa zai ɗauka? A nan ne jimillar sayayyar bazara ba ta da amsa, domin dukkansu masu hali ne, kuma abin da ke raba su shi ne daɗewar tsari, da hikimar koci, da zurfin benci, da lafiyar 'yan wasa.

Abin da ya sa na damu da wannan gyara ya wuce son cin gardama. Wannan fahimta tana rage wa mutum jin daɗin wasan, domin tana mai da hankalinsa kan farashi ta ɗauke shi daga fili. Tana sa a yanke wa yaro ɗan shekara 21 hukunci bayan wasa biyar, a yi ta zaginsa a Facebook saboda kuɗin da ba shi ya yanka wa kansa ba. Tana haifar da ɓacin rai tsakanin abokai a kan alƙawarin da babu wanda ya isa ya cika. Mafi muni, ita ce ke ruɗar wasu matasanmu su zuba abin da suka sha wahalar samu a cacar ƙwallo, suna ganin sun riga sun san sakamako. Wanda ya fahimci cewa ko masu ƙungiyoyin, da duk ƙwararrun da suka tara, sukan kashe ɗaruruwan miliyoyi su ƙare a tsakiyar teburi, ba zai yarda wani ya sayar masa da tabbas ba.

Hasashe ba laifi ba ne, shi ne ma gishirin hirar ƙwallo kafin a fara kaka. Abin da nake roƙo shi ne a yi shi da tambayoyin da suka dace. Ina ƙungiyar ta ƙare bara, kuma ta ina ta zubar da maki? Wanda aka sayo, wannan gurbin ya zo cikewa? Wa ya tafi, wa zai maye gurbinsa? Shekara nawa koci ya yi da waɗannan 'yan wasa? In mutum ɗaya ya kwanta jinya wata uku, akwai wanda zai tsaya a wurinsa? Gasa nawa za su buga a lokaci guda? Wanda ya amsa waɗannan, ko hasashensa bai faɗa daidai ba, ya yi magana da ilimi, kuma za a ƙaru da zama da shi. Kasuwa tana rufewa ne bayan an buga wasa uku ko huɗu kacal, sauran wasa talatin da ɗoriya a fili za a yi su, kuma a can ne ake tara makin da ke ba da kofi.