Kafin ka sayi kwano, gyara tushen ɗakinka

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin gini ne. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Kore Mai Ruwa zuwa Tibiri da Gesheme, ko'ina ana kwaɓa laka, ana buga tubali. Wanda ya sai da wake ko rago, da wanda ɗanshi ya aiko da kuɗin cin rani, kowa yana son ya ta da ɗaki.

Da yawa cikinmu in sun samu kuɗi, kwano suke fara saye, sai ƙofar ƙarfe, sai fenti. Tushe kuwa, da yake ba a ganin shi, sai a yi shi sama-sama. To, wanga wata bisa ga tushen ɗaki da daɓen tsakar gida za mu yi magana.

Abin da damanar 2024 ta koya muna

Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ruwa ya yi ɓarna cikin ƙasar Nijar duka. Mutane fiye da 300 sunka rasu, da yawa cikinsu ɗaki ne ya faɗa musu. A Damagaram, tsohon masallacin ƙasa wanda ya haura shekara 150 ya rushe cikin watan Satumba.

Ku tuna da ɗakunan da sunka faɗi a garinku. Galibi daga gindi abin ke farawa. Ruwa ya kwanta jikin bango, laka ta jiƙe, ta yi taushi, nauyin sama ya danne ta, sai ɗaki ya durƙusa. A Dogon Dutsi ruwa yana gangarowa daga duwatsu da gudu. A garuruwan da ke cikin fadamar dallol kuma ruwan ƙasa yana kusa, laima tana hawa bango ko ba a yi ruwan sama ba.

Yadda ake yi a ƙasashen sanyi

Akwai ƙasashen da ruwa ya fi damun magina bisa ga tamu. A Kanada sanyi yana sa ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara. In ruwa ya daskare yana kumbura: lita 100 ta ruwa tana cin wurin lita 109. Ƙasa mai laima ma kumbura take yi, ta ɗaga gini, ta tsaga shi. Saboda haka a birnin Toronto sai an gina ramin tushe ya kai mita 1 da santimita 20, inda sanyi ba ya kaiwa. Daɓen ƙofar gida inda suke aje mota kuwa, sai sun shimfiɗa tsakuwa ƙarƙashinshi don kada ruwa ya kwanta. Gishirin da suke zubawa don narkar da ƙanƙara shi ma yana cin fuskar daɓen.

Mu nan ƙasa ba ta daskarewa. Amma darasin ɗaya ne: a raba tushe da ruwa, a raba siminti da gishiri. In ka ga farin gari kamar kanwa ga gindin bango, laima ce ta hau, ta bar gishirin ƙasa, shi ne ke cin ginin.

Yadda ake tushe mai ƙarko

Da farko zaɓi wuri. Kada ka yi gini bisa hanyar ruwa, ko cikin tsohon kududdufin da anka cike da shara. Tambayi tsofaffin gari inda ruwa ke bi shekarar da damana ta yi yawa.

Ka gina rami har ka tarad da ƙasa mai tauri. Ga ɗaki guda, zurfin santimita 50 zuwa 60 yakan isa, wato kamar daga ƙasa zuwa gwiwar babban mutum. In jigawa ce mai rairayi, ka ƙara zurfi da faɗi. Faɗin ramin ya ɗara kaurin bango.

Ka jera duwatsu cikin ramin, ka kama su da kwaɓin bokiti 1 na siminti da bokiti 4 na yashi. Dutse ba ya wuya a ƙasarmu. Kada ka tsaya daidai da ƙasa: ka ci gaba da dutse da siminti har ginin ya tashi santimita 30 zuwa 40 bisa ƙasa. Daga nan ne tubalin laka ke farawa. In da hali, a shimfiɗa leda mai kauri tsakanin dutse da tubali, tana hana laima hawa.

Wani ya kan ce gara ya shafe bangon laka duka da siminti. Siminti ba ya kama laka sosai. Yana tsagewa, ruwa ya shiga bayanshi ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa ba a gani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In buhu biyar gare ka, ka sa su ga tushe, ka ci gaba da yaɓen laka kowace shekara.

Daɓen tsakar gida da bakin rijiya

Iyayenmu mata sun san daɓe tun da, da tsakuwa da makuba da madaɓi. Kankare, wanda magina ke ce ma beto, shi ne daɓen zamani. Yana da amfani ga ƙofar ɗaki, da wurin shanya hatsi, da kewayen rijiya inda dabbobi ke tattake ƙasa ta zama taɓo.

Awon shi ne bokiti 1 na siminti, 2 na yashi, 3 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, ruwan da yake so kamar lita 25 ne. Ruwa da yawa yana sa kwaɓi ya yi daɗin zubawa, amma yana rage ƙarfinshi. Ruwan da ke da ɗanɗanon kanwa ko gishiri, kada a kwaɓa da shi.

Yashi ya zama mai tsabta. Ga yadda ake gwada shi: zuba yashi cikin kwalba, ƙara ruwa, girgiza, aje shi ya kwana. In laka mai kauri ta kwanta bisa yashin, nemi wani.

A daddaɓe ƙasa ta yi tauri, a shimfiɗa tsakuwa, sannan a zuba kankare. Kaurin santimita 10 ya isa wurin da mutane ke takawa. Inda amalanke ko mota ko shanu ke hawa, a kai shi 15. Daɓe mai mita 3 kowane gefe da kaurin santimita 10 yana cin buhu 6 zuwa 7. A yi mishi gangare, santimita 2 cikin kowace mita, ruwa ya bar jikin ɗaki. Kowace mita 3 a ja layi mai zurfi da bakin cebur ko ƙarfe tun yana ɗanye. In zai tsage, ta nan zai bi. Ƙarƙashin indararo kuma a aje dutse mai faɗi, kada ruwa ya gina rami ga gindin bango.

Hunturu da siminti

Lokacin ɗari ya fi bazara kyau ga aikin siminti, don rana ba ta da zafi ƙwarai. Amma iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye ruwan kankare da sauri. Ku gane wanga: siminti da ruwa yake yin ƙarfi, bushewa da wuri lalata shi take yi. Saboda haka a rufe sabon daɓe da tsofaffin buhuna ko tabarmi, a riƙa shayar da shi safe da marece har kwana 7. Sai ya yi kwana 28 yake kai ga cikakken ƙarfinshi. Kafin nan kada a bar amalanke ta hau.

Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, bisa hanyar Ƙonni, amma har yau kuɗinshi ba kaɗan ba ne ga talaka. In ka saye shi, ka ɗora buhunan bisa itace cikin ɗaki, kada su taɓa ƙasa. Buhun da ya yi gudaji masu tauri, waɗanda yatsa ba ya murƙushewa, ya sha laima, kada ka karɓe shi.

Jama'a, tun ran gini ran zane. Kwano ana iya sayen shi baɗi, amma tushe sau ɗaya ake yin shi. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi wanga labari, ku tattauna shi da maginin garinku kafin a fara gina rami.